Yajin Angku Samsuar

"Masril, dawo ka ɗauki kifinka."

Har na juya zan shige gidanmu na ji muryar Etek Niar, maƙwabciyarmu, daga saman matakala. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta kwance ƙunshin ganyen ayabar da na rataye mata a jikin ƙusa, tana kallon abin da ke ciki kamar wadda aka kawo wa saƙon wani gida.

Na ce, "Etek, ai naki ne. Na kullum."

"Na kullum ba ya zuwa da hanji." Ta ɗauki ɗaya ta matse cikinsa da babban yatsa, ta nuna mini. "Ka gani? Shekara ashirin da wani abu ina sauke ƙunshi daga ƙusar nan, ban taɓa samun ko ɗaya da ba a gyara ba."

Kifin bilih ne, irin na tafkinmu na Singkarak, wanda bai fi tsawon yatsa ba. Babu mai zama ya gyara shi ɗai ɗai, a wanke kawai ake yi a jefa cikin mai. Ashe mijinta, Angku Samsuar, yana yi, don ita ba ta son ɗacin cikin. Ni da nake fita ruwa tare da shi kusan kowace safiya ban sani ba.

"Ina mai shi?"

"Yana kwance a surau. Ƙirjinsa ne ya tashi. Tun shekaranjiya bai taɓa ruwa ba."

Ta ɗaga kai ta dubi wajen tafkin, inda rufin surau ɗin, ƙaramin masallacinmu, yake leƙowa ta tsakanin itatuwan kwakwa. Na zaci za ta tambayi yadda jikin nasa yake. Ba ta tambaya ba.

"Shi ya aiko ka?"

"A'a, Etek."

"To. Allah ya yi maka albarka, na san don alheri ka yi." Ta sauko mataki biyu ta miƙo mini ƙunshin. "Amma ni ba a ciyar da ni da sadaka. Ina da miji."

Ta koma ciki ta tura ƙofa a hankali.

A wajenmu gida na mace ne, gona ma ta mace ce, miji shi ke tarewa. In ransa ya ɓaci kuma shi ke yin yaji, ya sauka daga matakala ya tafi, sai mazan dangin matar sun ɗauki faifai da ganyen siri, wanda ake taunawa kamar goro, sun je biko sannan ya dawo da mutuncinsa. Yawanci ba a yin mako. Babana ma ya taɓa yi, in ji Amak, mahaifiyata, amma sauro ya koro shi tun ba a gama wanke faifan ba.

Na Angku Samsuar ne ya ƙi ƙarewa. Ina jariri aka yi abin, a bakin Amak na ji. Wata shekara ce da ɓera ya cinye shinkafa a gonaki. Shi da Etek Niar Allah bai ba su haihuwa ba, ƙanwarsa kuwa tana can ƙetaren tafki da yara rututu. Sai ya buɗe rumbun gidan matarsa ya ɗebar musu shinkafa, bai tambayi kowa ba. Babban wan Etek Niar ya ji, ya bari sai da aka taru wajen wani suna, ya ce sun kawo mutum ya cika musu rumbu ashe rariya suka kawo. Mutane suka yi dariya. Etek Niar tana wajen, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Washegari Angku ya ɗauki zanensa na sallah da hularsa ya sauka.

Gidan mahaifiyarsa ɗakunan duk na mata ne da mazajensu, babu na ɗa namiji. Ya shimfiɗa tabarma a ɗan ɗakin bayan surau, yana jiran faifai. Wan nata ya ce shi ba ya bikon ɓarawon shinkafa. Ita kuma mace ba ta zuwa da ƙafarta, abin kunya ne har jikoki. Wan ya mutu, aka binne shi, maganar tana nan inda ya bar ta.

Amma Angku bai sake ta ba, bai kuma bar ta da yunwa ba. Kowace safiya kifi a jikin ƙusa. Ranar kasuwa shinkafa da gishiri da kalanzir a ƙasan matakala. Da sallah turmin zane. Ba ya hawa, ba ya sallama, ita ma ba ta leƙowa sai ya yi nisa. Ranar ɗaurin aurensu, kamar kowane ango a ƙasar nan, ya karanta alkawari a gaban shaidu cewa in ya yi wata uku bai ciyar da ita ba, ita kuma ba ta yarda ba, tana iya zuwa gaban alƙali a raba su. Angwaye da yawa ba sa ma jin abin da suke karantawa, hankalinsu na wajen shinkafar biki. Shi ya riƙe nasa.

Na same shi a kishingiɗe jikin bangon katako, ya rufe ƙafafunsa da zane. Ɗakin yana warin man zafi da danshin tafki. Ya ga ƙunshin a hannuna, ya dubi fuskata.

"Me ke nan?"

Na gaya masa.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Angku. Na ga kwana biyu ƙusar ba komai."

"In na kasa sallah kai za ka yi mini?" Tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ciyarwa a wuyana take, ba a naka ba. Jira ka yi taka matar, za ka rataye kifi har ka gaji. Me ta ce?"

"Ta ce ba ta cin sadaka. Ta ce tana da miji."

Ya dubi rufi. Sai ya ce, "Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

Ya nuna mini birginsa na kamun kifi da ke rataye a jikin azara, wanda ba ya bari kowa ya taɓa.

"Sauke shi. Naka ka jingine, dama ramukansa sun fi zarensa yawa. Daga gobe da wannan za ka fita, a cikin kwalekwalena. Ka san rabon mai kaya?"

"Na sani."

"To abin da ya faɗo a rabona nawa ne, ko ba nawa ba ne?"

"Naka ne, Angku."

"Ka kawo mini shi nan. Kada ka taɓa cikin ko ɗaya."

Haka muka shiga yi. In na dawo daga ruwa sai na zube kamun a gabansa, ya raba da idonsa, ya tura mini nawa. Na ajiye masa kwano da ruwa da ganyen ayaba. Yana kwance a gefe ɗaya yake gyarawa, da farcen babban yatsa. Aikin da a da yake gamawa kafin rana ta hau kan dutse, yanzu sai ya kai hantsi ya wuce. Wani lokaci barci ya ɗauke shi da kifi a hannu, na zauna ina korar ƙuda har ya farka. Shi ke ƙunshewa, shi ke ɗaurewa, ni nawa kai wa ne kawai.

Ranar farko da na kai, Etek Niar tana taga tana kakkaɓe tabarmar da na tabbata ta kakkaɓe tun safe. Ta bari na shige gida sannan na ji ƙarar ƙofarta. Ba a daɗe ba ƙamshin suya ya shigo mana.

Amak ta ce, "Yau ta karɓa ke nan."

"Ta karɓa."

"Tsofaffin nan biyu, Allah ya shirye su. Ka ci abincinka."

Sau ɗaya muka kai shi ƙaramin asibitin gari a bayan babur, ni a gaba, ladan a baya yana tallafe da shi. Suka ce huhu ne, a kwantar da shi. Ya ce in ya kwanta a can wa zai gyara kifi? Suka ba shi magani muka dawo.

Ana cikin haka Mak Jasman ya zo, ƙanin Etek Niar, wanda yake da gidan abinci a birnin Pekanbaru. Shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidansu. Motarsa ba ta shiga lungunmu, sai ya bar ta a bakin titi yara suka kewaye ta. Da la'asar aka aiko kirana.

Na hau na zauna a bakin tabarma. Rabona da shiga gidan tun ina yaro. Ɗaki huɗu a jere, uku a kulle. Etek Niar tana zaune nesa kaɗan tana tsintar shinkafa a faifai.

"Masril, ka girma," in ji Mak Jasman. "Yaushe za mu ci ta bikinka?"

"Sai an samu mai so, Mak."

"Da wannan warin kifin? Zo Pekanbaru na ba ka aikin wanke kwano, wata biyu ka yi fari." Ya yi dariya, na yi. Sannan ya gyara zama. "Magana ce ƙarama. Ka ga yayata, ita kaɗai a gidan nan. Ran nan aka ce ta zame a matakala. In ta faɗi da dare wa zai ji? Na gyara mata ɗaki a wajena, har da banɗaki a ciki. Ta ce ita matar aure ce, ba ta tafiya sai da izinin miji. Na ce to a tambaye shi. Ta ce ba ta magana da shi. Ka ji fa!"

Etek Niar ba ta ɗago ba.

"To na tambayi masu sani. An ce in ciyarwa ta yanke, alƙali zai raba. Mutumin nan ya daɗe a kwance, kowa ya sani. Kifin da kake kawowa, wa ke jefa birgin?"

"Ni ne."

"Wa ke tuƙa jirgin?"

"Ni ne."

"Shi ke nan. Abin da za ka faɗa ke nan in an tambaye ka. Ban ce ka yi ƙarya ba."

Mak Jasman ba mugu ba ne. Shi ya biya kuɗin rufin surau da iska ta kwashe, kuma gaskiya ne ta zame a matakala, ni na ɗaga ta.

Na ce, "Amma Mak, birgin nasa ne. Jirgin ma nasa ne. Rabonsa nake kawowa."

"Kai, wannan ai wayo ne irin na tsofaffi."

"Jasman." Etek Niar ce ta yi magana, idonta a kan shinkafa. "Cikina ne ko naka?"

"Naki ne, Uni," in ji shi, wato Yaya.

"To abin da ya shiga cikinsa daga hannun mijina ya fito. Na san hannunsa. Ka bar yaron mutane ya tafi."

"Uni, wane irin aure ne wannan? Mutum yana can, ke kina nan, sai kifi ke yawo a tsakaninku?"

Ta ajiye tsintar. Ta juye shinkafar a kwano, ta kakkaɓe faifan, ta tura shi kan tabarma har ya tsaya a gaban gwiwarsa.

"In kana son yi mini abu, ga faifai. Siri yana nan a bayan gida, ka tsinka. Kai ne namijin gidan yanzu."

Mak Jasman ya dubi faifan, ya dube ta.

"Biko? Yanzu? Bayan shekara ashirin? Uni, a rumfar kofi za a yi shekara ana ba da labarina. Kuma wanmu ya rantse..."

"Wanmu yana kabari."

"Bari dai a yi sallah tukuna, sai mu zauna da manya a duba."

Ta jawo faifanta ta mayar da shinkafar ciki. Washegari da safe motar ta tafi.

Ban gaya wa Angku wannan ba. Amma ƙauye ne, ladan ya riga ni. Da na shigo da kifi ya ce, "An ce an kira ka shaida."

"An kira ni."

"An ce ta tura masa faifai."

"Ta tura."

"Bai ɗauka ba."

Ya jawo kwanon ya fara gyara. Can ya ce, kamar da kifin yake magana, "Da ya zo da ko ganye ɗaya ne, da na hau bayanka ka kai ni."

Daga nan ruwa ya sauko, kwana da kwanaki ba ya ɗaukewa. Iska tana taso da tafkin, kifi ya nutse ƙasa. Wata rana na cika kwano, wata rana rabi. Shi kuma jikin yana ta zubewa. Ya daina tashi alwala, sai taimama a jikin bango. 'Ya'yan ƙanwarsa, waɗanda suka ci shinkafar nan suna yara, sun zo sau ɗaya da lemo da burodi, suka ce in abin ya yi tsanani a kira su. Mutane suna shigowa sallah, su leƙa su ce sannu, su fita. Yawancin yini shi kaɗai ne da ƙarar ruwa a kan kwanon rufi.

Wata Laraba na dawo da abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Na zube masa duka, na ce yau ba rabo, nasa ne. Ko musu bai iya yi ba. Ya ɗauki na farko, farcen ya kasa shiga, kifin ya suɓuce. Ya sake ɗauka. Har aka kira azahar bai gyara abin da ya wuce biyar ko shida ba. Hannun ya faɗi kan tabarma.

"Angku, bari na ƙarasa. Ba za ta gane ba, na koyi yadda kake yi."

"Za ta gane." Numfashinsa yana fita da ƙara. "Kai waɗannan. Sauran ka kai wa uwarka."

Yau kam ba ta ɓuya ba. Tana zaune a matakin ƙarshe na sama da lema a hannu. Ban rataye ba, na miƙa mata. Ta buɗe ganyen. Ɗaurin ma bai ɗauru ba.

"Su ke nan?"

"Su ya iya, Etek."

Ta mayar da ganyen ta rufe.

"Kada ka yi nisa," ta ce, ta shiga.

Na zauna a ƙarƙashin gidanmu ina gyaran tsohon birgina. Na ji dakan barkono, na ji suya. Bayan la'asar ta fito da mayafi, da langa ɗaure cikin tsumma. Na miƙa hannu zan karɓa, ta ce, "Kai riƙe lemar."

Muka bi lungu, ita a gaba a hankali saboda santsi. Matan da ke tagogi suka daina abin da suke yi. A rumfar kofi hira ta tsaya cak har muka wuce. Ba ta dubi kowa ba.

Ba ta shiga ta ƙofar surau ba. Ta zagaya baya ta tsaya jikin tagar ɗakinsa, ƙafafunta cikin taɓo. Tagar ta fi ta tsawo, ba ta ganin ciki, shi ma ba ya ganinta. Ta karɓi lemar, ta ba ni langar ta ce na shiga da ita.

"Uda," ta ce ta jikin katako, yadda matanmu ke kiran miji. "Ga abinci."

Na ga idonsa ya buɗe. Ya yi ƙoƙarin gyara hularsa, na gyara masa.

"Niar ce?"

"Wa kake tsammani?"

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Kin zo da siri?"

"A'a."

"To ba biko ba ne."

"Ba biko ba ne. Abinci ne. Ka ci tun bai huce ba."

Wani abu ya fito daga ƙirjinsa, na zaci tari ne, ashe dariya ce. Na buɗe langar. Shinkafa ce da dakakken barkono, da kifi uku a kai. Ta raba biyu, ta kawo masa rabi. Na ɗago kansa na ba shi loma. Ya daɗe yana taunawa.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce.

"Bakinka ne. Haka nake yi tun da."

Ya karɓi loma ta biyu, ya kau da kai daga ta uku. Ruwa yana zuba daga bakin rufi a kan lemarta.

"Niar."

"Ina ji."

"Shinkafar nan..."

"Da ka tambaye ni da na ba ka ninkinta. Ni ma na san yaran."

"Ba ki ce komai ba ranar."

Na ji ta gyara tsayuwa cikin taɓo.

"Ban ce ba," ta ce.

Ya lumshe ido. Da ya sake magana sai da na sunkuya na ji, na maimaita mata da ƙarfi, don muryar ba ta kai taga ba.

"Etek, ya ce wai ya taɓa tsallake miki rana?"

"Ranar girgizar ƙasa."

"Ya ce ranar ai ba wanda ya fita ruwa."

"To ban da ita, sai kwana biyun nan da ya fara kwanciya."

"Ya ce gobe kiyama za a tambaye shi. Ya ce in an tambaye ki ke fa, me za ki ce?"

Na ji ta matso har mayafinta ya gogi katako.

"Ka gaya masa kifin ba ya da yawa, zanen sallah kuma bai taɓa iya zaɓen launi ba." Ta tsaya. "Amma ban taɓa kwana da yunwa ba, ban taɓa roƙon kowa ba. Na yarda da shi. Ko a gaban wa haka zan faɗa."

Ban maimaita ba, ya ji. Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan tabarma ya mayar.

Ta ɗan ƙara tsayawa. Sannan ta ce na wanke langar kafin na dawo da ita, kada na bar mata maiƙo. Na leƙa ta taga na ga bayanta tana hawa lungu, lemar ta karkace gefe ɗaya.

Washegari gari ya waye ba ruwa, tafkin ya kwanta. Bayan asuba na leƙa shi, idonsa biyu. Na ce ko na zauna yau. Ya girgiza kai, ya nuna birgi da haɓa. Na fita. Kifi ya samu ranar fiye da duk kwanakin, na yi ta jefawa ina murna, ban dawo da wuri ba.

Na same shi ya juya ta gefen alƙibla. Ya jawo ganyen ayaba ya shimfiɗa kusa da kwano, ya share shi da hannu. Ba kowa a ɗakin. Ladan ya tafi kasuwa. Na ajiye kifin, na rufe masa ido, na zauna kaɗan kafin na je na buga gangar surau don a san an yi rasuwa.

'Ya'yan ƙanwarsa suka zo da jirgi mai inji. Namiji a maƙabartar dangin uwarsa ake binne shi, don haka bayan an yi masa sallah suka sa shi a jirgi suka ƙetare da shi. Na bi su a kwalekwalensa, na isa ana zuba ƙasa. Mutanen ba su da yawa.

Kwana biyu bayan haka Mak Jasman ya bugo waya. Etek Niar ba ta da waya, tawa ya kira, na hau na kai mata. Amak tana can tana taya ta zama. Muryarsa tana fitowa har inda nake.

"Uni, Allah ya ji ƙansa. To yanzu dai babu abin da ya riƙe ki. Ranar Litinin zan turo mota."

"Kada ka wahalar da direba."

"Uni, me kuma?"

"Takaba nake. Wata huɗu da kwana goma ba inda za ni."

"Takaba? Mutumin da rabonsa da hawa gidan nan..."

"Mijina ne ya mutu, Jasman. A ɗakina zan yi. In na gama ma yi magana."

Ta miƙo mini wayar yana cikin magana. Ban san yadda zan yi da shi ba, na ce, "Mak, sai an jima," na kashe.

Na sauko na zauna a matakala. Ƙofar a buɗe take. Na ji ta ce wa Amak, "Zo ki taya ni da waɗannan, sun ƙi fita."

'Yan kunnenta ne, ƙanana na zinariya. Sun daɗe a wurin har fata ta kama su. Amak ta ɗebo man kwakwa a murfin kwalba, ta shafa, tana murzawa a hankali.

"Da zafi?"

"Yi dai."

Na farko ya fita, sannan na biyu. Amak ta sa su a ɗan farantin shayi, suka yi 'yar ƙara. Etek Niar ta kai hannu ta taɓa kunnen dama, ta taɓa na hagu, ta bar yatsunta a wurin tana kallon tafki ta taga.